Kafin ka sa hoton mace a samfurin manhaja

Shekara biyu da suka wuce, a wani gida a Tudun Wada da ke Zariya, na miƙa wa wata uwar adashe wayata don ta ga samfurin manhajar da muke zana wa ƙungiyarsu. Mata tara ne a falon, zaune a kan kafet, ga kular zoɓo a tsakiya. Hajiya ta sa tabarau, ta ja shafin farko, ta ja na biyu, ta tsaya a na uku. Shafin da ke nuna jerin masu zubi ne, kowacce da hotonta a 'yar da'ira da adadin kuɗin da ta zuba. Ta taɓa suna na farko, hoton ya buɗe ya cika allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kife wayar a cinyarta.

"'Yata," ta ce, "waɗannan 'ya'yan wane gida ne? Mu ne haka a wurinku?"

Na karɓi wayar. Baturiya ce a bakin teku da kayan wanka, an yanke hoton yadda ƙirjinta ne ya zauna a tsakiyar allo. Ta biyu tana cizon leɓe. Ta uku a kwance take a kan gado. Namiji ɗaya ne a jerin, shi aka ba matsayin ma'aji, dattijo mai furfura da kwat, yana riƙe da biro.

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ne ya cike shafukan, ni kuma ban duba ba kafin mu fito daga Samaru, don haka nauyin a kaina yake. Da na tambaye shi a hanyar komawa, a cikin a-daidaita, ya ce, "Anti, ai na cike gurbi ne kawai, za a canza." Wannan maganar na ji ta daga bakin masu zane ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. A ranar ba mu tattauna komai game da tunatar da masu zubi ba, ko yadda za a nuna wa kowa ranar kwasarta, waɗanda su ne abin da ya kai mu. Matan sun yi mana kara, sun ba mu zoɓo, amma hira ta mutu.

Tun daga ranar na tsara wa kaina yadda nake zaɓen fuskokin da ke shiga samfuri, kuma shi nake koya wa duk wanda ya zauna a teburina. Samfuri, ko mokof kamar yadda muke faɗa a bakin aiki, shi ne zanen shafukan manhaja kafin a rubuta ta: ga maɓalli nan, ga jerin sunaye can, ga inda hoton mutum zai zauna. Tunda masu amfani na gaskiya ba su shigo ba tukuna, mai zane ne ke cike guraben da hotuna da sunaye na aro. A nan matsalar take shiga.

Daga ina wannan ɗabi'a ta fito

Yaron nan bai zauna ya ƙulla wani mugun nufi ba. Fayil na kyauta ya sauke, hotunan a ciki ya same su. Duk wanda ya taɓa yawo a Dribbble ko Behance, inda masu zane ke baje kolin ayyukansu, ya san fuskar da nake nufi. Manhajar banki ce, ko ta kiran mota, ko ta sauraron waƙa, ko ta duba yanayi, amma mai amfani a kullum budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, kafaɗa a waje, tana kallon kyamara. Wanda ya sa ta yana neman ido ya tsaya a aikinsa cikin ɗaruruwan ayyuka. Na baya ya ga na gaba ya samu yabo, sai ya kwaikwaya, har abin ya zama kamar haka ake yi.

Kuma abin ya girmi Figma, manhajar da ake zana samfuri da ita, nesa ba kusa ba. A 1973, wasu injiniyoyi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka suna neman hoton da za su gwada aikinsu na sarrafa hotuna a kwamfuta. Suka ɗauki shafin tsakiya na mujallar batsa ta Playboy, fitowar Nuwamba 1972, suka yanke shi daga kafaɗa zuwa sama. Hoton wata 'yar Suwidin ne mai suna Lena Forsén. Ya zama hoton gwaji da aka fi amfani da shi a fannin, ya shiga takardun bincike da azuzuwan jami'o'i na tsawon shekaru kusan hamsin. Ɗalibai mata sun yi ta zama a aji ana haska shi a bango, kowa kuma ya san daga inda aka yanko shi. Ita kanta Lena daga baya ta nemi a daina, sai a ranar 1 ga Afrilu 2024 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta daina karɓar takardun da ke ɗauke da shi. Hoton da aka riƙa nuna wa kamfanoni aikin Photoshop da shi a farkon lamari ma, na wata mace ce zaune a bakin teku a Bora Bora ba riga, ta juya baya, wanda John Knoll ya ɗauka a 1987. Hoton da aka ce na cike gurbi ne yana iya yin rabin ƙarni a gurbin.

Mu a nan muna da sunan wannan abu tun kafin waya. Mun san yarinyar da ake yi wa kwalliya, a ɗora mata farantin gyaɗa, a tura ta tasha, don an san ba gyaɗar kaɗai maza za su tsaya kallo ba. Malamai sun yi wa'azi a kai, iyaye mata sun yi faɗa a kai. Mai zanen da ya sa jikin mace a shafin manhaja don ido ya tsaya, talla ya ɗora mata, ita kuma ba ta ma san an ɗora ba.

Fara da takarda, kafin ka buɗe kwamfuta

Tun ran gini tun ran zane. Kafin in zana ko da akwati ɗaya, ina rubuta mutum shida zuwa takwas da za su yi amfani da manhajar, da hannu, a littafi. Kowanne da shekarunsa, sana'arsa, irin wayar da ke hannunsa, da inda yake tsaye lokacin da zai buɗe ta. Na manhajar adashen nan da na sake rubutawa ya ƙunshi uwar adashe mai shekara hamsin da biyar da ba ta ganin ƙananan rubutu, da nas mai aikin dare a asibitin Shika, da mai suyar awara a bakin ƙofar makaranta wadda hannunta ke da mai a kullum, da malamar firamare, da ɗaliba a harabar jami'a ta Kongo, da mai ɗinkin hula a cikin birni wadda ɗanta ne ke karanta mata saƙo. Daga wannan jeri kawai ake ɗaukar fuskoki. Hoton da bai dace da kowa a jerin ba, komai kyansa, ba ya shiga fayil.

Wannan mataki shi kaɗai yana kashe rabin matsalar, domin budurwar bakin teku ba ta cikin jerin kowace manhaja da na taɓa zanawa a Zariya.

Yadda nake duba kowane hoto

Abin da nake fara kallo shi ne hannu. Me take yi da hannunta? Idan tana riƙe da waya, ko almakashi, ko allura, ko littafin lissafi, ko sitiyari, to mutum ce a bakin aikinta. Idan hannun na shafa wuya, ko yana cikin gashi, ko yana jan bakin riga, an ɗauki hoton ne don a kalle ta. Bayan hannu sai inda aka yanke. Masu zane da yawa ba su lura cewa yankan da suke yi da kansu ne ke ɓata hoto ba. Hoto ɗaya za ka iya daidaita shi ido ya faɗo a sulusin sama na akwatin, kamar na fasfo, ko ka ja shi ƙasa har kai ya gutsure, ƙirji ko ƙugu ya zauna a tsakiya. A manhajar sayar da atamfa ko dogayen riguna an fi yin wannan: a cire kan mace gaba ɗaya a bar gangar jiki. Idan kayan ake son nunawa, a shimfiɗa su, ko a rataye, ko a sa wa mutum-mutumin tela. Idan kuma mutum ce za ta sa, a bar ta da fuskarta, a tsaye yadda mace ke tsayawa a gidan biki.

Sai gwajin da ya fi kowanne saurin buɗe wa yarana ido. Ka ɗauki hoton, ka ƙaddara namiji ne a daidai wannan zama, da wannan kallo, da wannan adadin tufafi. Ka ƙaddara magidanci ne kwance a gado yana cizon leɓe a shafin tura kuɗi. Idan ka ji ba za ka iya nuna wa mai aikin wannan ba, to na macen ma bai kamata ya shiga ba. Sabo ne kawai ya sa ba ka gani.

Daga nan sai ƙidaya. Ina jera duk fuskokin fayil a shafi ɗaya, maza a dama, mata a hagu, in rubuta shekaru da matsayin kowa a ƙasa. A fayil ɗin adashen nan, fuskoki 18 ne. Mata 13, ba wadda ta kai shekara talatin. Maza 5, dukansu da muƙami: ma'aji, jami'in banki, mai ba da taimako. A ƙungiyar da mata ne suka kafa ta, su ke riƙe da kuɗinta, su ke rubuta littafinta. Ko da kowane hoto ya wuce gwajin tufafi, wannan rabon shi ma magana ce. Likita a manhajar asibiti ya zama namiji, mace ta zama marar lafiya ko mai karɓar baƙi. Direba namiji, fasinja budurwa. Ka juya wasu. A asibitin koyarwa na Shika akwai likitoci mata, a Jami'ar Ahmadu Bello akwai farfesoshi mata, a kasuwar Sabon Gari akwai matan da ke sauke kaya mota guda. Idan ka sa su a samfuri, abin da ke garin ka zana.

Kada ka manta da tsofaffi. Fuskar dattijuwa ita ce ta fi wuyar samu a rumbunan hotuna, ita ce kuma ta fi yawa a cikin masu riƙe da kuɗin unguwa.

Hijabi bai gama magana ba

Nan ne nake samun saɓani da abokan aikina na gida, kuma nan nake so a tsaya a yi tunani. Da yawa suna ganin idan an cire Baturiya an sa mai hijabi, shi ke nan. Na ga samfuran da kowace mace a ciki ta rufe jikinta ruf, amma dukansu fararen 'yan mata ne masu dogon hanci, an cika musu fuska da kwalliyar amare, an matso da kyamara har leɓe na sheƙi, suna kallon ƙasa-ƙasa da murmushi. Manhajar biyan kuɗin wuta ce fa. Wannan ma ɗora talla ne, an dai canza wa 'yar tallar kaya. Tambayar ba ta canza ba: me ya kawo ta shafin nan? Idan amsar ita ce don tana da kyau, a cire. Kuma wannan zaɓen farar fata da ake yi a kullum yana da nasa ciwon, a garin da 'yan mata ke ƙona fatarsu da man bilicin. Bai kamata mu ƙara wa wutar itace ba.

Wasu kuma sai su ce to a huta, a cire mata gaba ɗaya, a bar maza da zanen furanni. Na fahimci inda suka fito, kuma akwai masu aikin da saboda fahimtarsu ta addini ba sa son hoton mai rai kwata-kwata, na mace ko na namiji. Wannan ina girmama shi, ina yi musu zane da haruffan suna da alamomi. Amma a bar maza a cire mata kaɗai, wannan wani abu ne daban. Manhajar awon ciki ce, ko ta adashe, ko ta makarantar Islamiyya ta matan aure, a ce babu mace ko ɗaya a samfurin? Wanda zai rubuta manhajar daga wannan zane zai manta da su, kuma zai manta da abin da suke buƙata. Kuskuren farko ya mai da mace ado, na biyu ya share ta daga wurin, a duka biyun ba a lissafa ta cikin masu amfani ba.

Inda ake samun hotuna

Unsplash da Pexels, rumbunan hotuna na intanet, su ne inda yawancinmu ke zuwa, don kyauta ne. Abin da ka rubuta a akwatin nema shi ke yanke abin da za ka samu. Idan ka rubuta kalmar Turanci ta "mace" ko "yarinya" ita kaɗai, masu tallan kaya za su cika maka allo. Ka nemi sana'a da wuri: tela, nas, malama a aji, mai shago, manomiya, ka haɗa da Najeriya ko Afirka ta Yamma. Akwai Nappy, rumbun kyauta na hotunan baƙaƙen fata. Getty Images ma, mai sayarwa, ya buɗe tarin Lean In a 2014 don hotunan mata a bakin aiki, sannan a 2017 ya yi wani na mata Musulmi tare da MuslimGirl. Idan zane ya ishe ka, Open Peeps na Pablo Stanley kyauta ne, kana haɗa kai da jiki yadda kake so, in kana da hannu ka ƙara ɗankwali da mayafi da kanka.

Abu ɗaya game da rumbunan kyauta: izinin da suke ba ka na mai ɗaukar hoton ne. Bai zama lallai wadda ke cikin hoton ta yarda a sa fuskarta a tallan maganin basir ko manhajar neman aure ba. Ga samfurin da zai tsaya a ofis babu damuwa sosai, amma duk abin da zai fita waje, ka tabbatar da yardar mai fuskar.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ɗauko hoton wata daga Instagram, Facebook ko TikTok. Na ga an yi da 'yan fim, na ga an yi da ɗalibai. Zariya ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Samfurin zai shiga WhatsApp, daga nan ya isa wayar yayanta ko ta wanda zai aure ta, a ce ga wance a manhajar kaza. Kai ka cike gurbi, ita za ta yi shekara tana rantsuwa. Ban da haka, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki abin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanansa, kuma fuska tana ciki.

Hanyar da ta fi min ita ce in ɗauki hotuna da kaina. Waya mai kyamara mai kyau da hasken hantsi sun isa. Ina zuwa wurin aikin mutum, in yi sallama, in yi bayani da Hausa: ga abin da za a yi da hoton, ga waɗanda za su gani, ga ranar da za a daina, kuma duk lokacin da ta ce a cire za a cire. Wadda ke rubutu ta sa hannu a takarda, wadda ba ta yi in naɗi muryarta. Idan ta ce sai ta shawarci maigida ko Baba, ina jira, ba na matsawa. Ina biyan wani abu, domin aiki ta yi min. Kuma ina nuna mata hoton a cikin samfurin kafin kowa ya gani. Mai ɗinkin hular nan cewa ta yi a ɗauki hannunta da allura da zare kawai, ban da fuska. Hoton ya fi duk sauran kyau a fayil ɗin. Ƙananan yara kuwa ba na ɗaukarsu sam, zane nake sa wa.

A wannan garin ne a 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon abin da aka kawo musu daga Ingila ba, za su haɗa da abin da ke gidajensu. Nakan tuna da su duk lokacin da na ga yaro ɗan Samaru ya zana manhajar sayar da masa da fuskar wata daga Kalifoniya.

Idan na'ura ce za ta ƙirƙiro fuskar

Yanzu da yawa sun koma ga ƙirƙirarriyar basira, su rubuta umarni, ta fito musu da hoto. Tana kawar da matsalar izini, amma ta zo da tata. Da hotunan intanet aka horar da ita, don haka abin da intanet ya fi tarawa game da mata shi take amayarwa. A Disamba 2022, wata 'yar jarida ta MIT Technology Review, Melissa Heikkilä, ta ba manhajar Lensa hotunan fuskarta. Cikin hotuna 100 da aka ƙirƙiro mata, 16 babu riga, wasu 14 da 'yan tsummoki, alhali abokan aikinta maza sun fito a matsayin 'yan sama-jannati da masu bincike. Idan za ka yi amfani da irin wannan, kada ka rubuta "kyakkyawa". Rubuta shekaru, sana'a, wuri, tufafi da abin da take yi: mace 'yar shekara hamsin, baƙa, da atamfa da mayafi, tana rubutu a littafin lissafi a shago, hasken rana. Ko da hakan, za ta yi ƙoƙarin rage mata shekaru, ta haska fatar, ta matse rigar. Ka maimaita har ta ba ka abin da ka nema, sannan ka bi ta da duk gwajin da na faɗa a sama.

Rubutun da ke gefen hoton

Ba hoto kaɗai ke ɗauke da wannan cuta ba. Duba sunayen da saƙonnin aro. Namiji "Injiniya" ne ko "Dakta", saƙonsa game da taro da kwangila. Mace sunan shagwaɓa ne da alamar zuciya, saƙonta "ina kewarka". A jerin kashe kuɗi, shi ya biya haya, ita ta sayi jan-baki. Ka ba matan samfurinka cikakken suna da muƙami, ka sa su biya kuɗin makaranta, su sari buhun masara, su tura wa ma'aikaci albashi.

Ga kuma abin da aikin kansa ke samu. Kyawawan hotunan situdiyo suna ɓoye kurakuran zane. Hotunan mutanenmu na gaskiya ana ɗaukarsu ne da daddare da ƙaramar waya, wasu sun dushe, wasu mutum uku ne a ciki. Fuska baƙa a kan shafi mai duhu tana ɓacewa idan ba ka sa wa da'irar baki ba, kuma ba za ka gane ba in da Turawa ka gwada. Kodak, mai kera fim ɗin ɗaukar hoto, ta yi shekaru da dama tun daga 1950 da wani abu tana daidaita launin hotuna da katin da ke ɗauke da Baturiya, baƙar fata ta riƙa fitowa ba kyau. Sannan duba wayarka yanzu, ka ga mata nawa a lambobinka suka sa fuskarsu a WhatsApp. Wata fure ta sa, wata Ka'aba, wata lallen hannu, wata hoton kayan da take sayarwa, wata ba komai. Jerin masu zubi na gaskiya zai cika da da'irori marasa fuska. Idan duk samfurinka fuskoki ne masu sheƙi, ba ka zana shafin da za a gani ba. Ni yanzu rabin da'irorina haruffan suna ne a kan launi daban-daban, kuma ina tabbatar da ana iya bambance Hauwa biyu da Maryam uku ba tare da hoto ba. Sa hoto kuma ba na mai da shi dole a wurin rajista.

Idan mai aikin ne ya nace

Za ka haɗu da shi. Wani mai shago ya taɓa ce min, "Hajiya, ki sa mana 'yan mata masu kyau, su ke jawo kasuwa." Ban yi masa wa'azi ba. Na tambaye shi su wa ke sayen kayansa, ya ce matan aure ne mafi yawa. Na ce to su za su buɗe wannan shafin, wani lokaci a gaban maigida ko surukuwa. Na kuma faɗa masa cewa samfuri ba ya tsayawa a kwamfutata: shi ake yanka a sa a shagon manhajoji, shi ake bugawa a allon talla a PZ ko Kwangila. Ƙa'idar Apple ta ce hotunan da ake nuna manhaja da su a shagonsu dole su dace da ɗan shekara huɗu, ko da manhajar ta manya ce, Google Play ma yana da dokarsa a kan hotuna masu motsa sha'awa. A gida kuma, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya tun daga 1 ga Oktoba 2022. Sannan na zana masa kala biyu, na ce ya nuna wa matarsa da 'yan uwansa mata su zaɓa. Bai sake tayar da maganar ba. Akwai wanda ya ƙi ji duk da haka, na mayar masa da kuɗin kafin alƙalami.

Idan kai ƙarami ne a wurin aiki, ba ka da ikon mayar da kuɗi, ka kawo madadin a hannu. "Oga, ga wani da na gwada da hotunan irin kwastomominmu" ya fi saurin shiga kunne a kan "wannan bai dace ba". Idan kuma kai ne babba, kada ka bar wa mace ɗaya tilo da ke ofishin nauyin yin magana a kullum. Na zauna a wannan kujerar, na san yadda ake ji idan an haska irin hoton nan a bango, maza suka yi 'yar dariya, kowa ya saci kallonka ya ga ko za ka tanka.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne share gida. Na buɗe duk fayilolin da muke kwafa daga cikinsu, na goge hotunan da suka zo da su, na haɗa folda ɗaya mai fuskoki kusan arba'in da aka tantance, kowanne da bayanin inda aka samo shi da izininsa. Sabon yaro idan ya zo, daga nan kawai yake ɗauka. Yaron da ya yi kuskuren farko shi ke riƙe da foldar yanzu, kuma ya fi ni tsanani.

Bayan mako uku muka koma Tudun Wada. Hajiya ta sa tabarau, ta ja zuwa shafi na uku. Akwai dattijuwa da carbi a matsayin ma'aji, akwai nas, akwai hannun mai ɗinkin hula, akwai da'irori shida masu haruffa kawai. Ba ta ce komai game da hotunan ba. Ta ɗora yatsa a kan suna na huɗu ta ce, "To 'yata, idan wannan ta yi kwana biyu ba ta zuba ba, a ina zan gani? Kuma kada ki sa ja kowa ya gani, ba a tona wa mutum asiri a adashe." Na buɗe littafina na fara rubutawa. Har aka kira la'asar muna kan wannan shafin.